Babbar riga ko baƙar kwat? Rigimar da tikitin jirgin ruwa ya jawo a gidan Hajiya

Anti, sallama. Bana muka cika shekara 35 da aure ni da maigidana. Babbar 'yarmu da ke aikin jinya a Ingila ta haɗa kuɗi da ƙannenta suka saya mana tikitin jirgin ruwan nan Queen Mary 2, daga Southampton zuwa New York, kwana 7, a watan Oktoba, don mu je mu ga ƙaninta da ke Amurka. Biza duka ta fito. Sai ga shi ta turo saƙo wai akwai dokar sutura a wajen cin abincin dare, har da wani abu wai daren gala, dole Babanta ya sa baƙar kwat da naktaye, ni kuma doguwar rigar Turawa. Alhaji ya ce tun ranar da ya bar aikin gwamnati ya yi sallama da kwat, kuma ba za a gan shi a gala da furfurarsa ba, in ba da babbar riga za shi ba a mayar wa yara kuɗinsu. Ita kuma ta ce so muke mu ba ta kunya. Yau sati biyu ba ya ɗaga wayarta. Rigunan da ta turo min hotunansu, wata ba hannu, wata baya a buɗe. Ba na son ɓata wa yara rai bayan ɗawainiyar da suka yi, ba kuma zan fita da jiki a waje ba. Yaya zan yi?

Hajiya, daga Zariya

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ƙara danƙon ƙauna, ya yi wa yaran nan albarka. Shekara 35 ba wasa ba.

Bari in fara da wanke kalmar nan da ta tsaya wa Alhaji a maƙogwaro. Na san abin da ya faɗo masa a rai da ya ji gala: gidajen rawar nan da ake ta kai ruwa rana da su a Kano. To ba shi ba ne, ba kuma galar da yara ke bin mota da ita a tasha ba. A bakin masu jirgin, daren gala dare ne da ake so kowa ya ci kwalliya ta gani ta faɗa kafin ya zo cin abinci. Iyakarta ke nan. Akwai kiɗa da rawa irin tasu a wani zaure da suke kira Queens Room bayan an tashi daga abinci, amma wanda ya ga dama ne ke zuwa. Ku kuna iya gama cin abincinku ku koma ɗaki ku yi shafa'i da wuturi, ba wanda zai bi ku da kallo.

Gaskiyar 'yarki ita ce dokar tana nan, kuma a wannan jirgin ba a ɗauke ta da wasa ba. Kamfanin Cunard mai jirgin tun 1840 yake ƙetara wannan teku da fasinja, kuma cikin abin da yake sayarwa har da wannan tsohuwar al'ada ta shiryawa kafin a zauna cin abincin dare. Akwai waɗanda ba don komai suka biya kuɗinsu ba sai don ita. Da rana kowa na sa abin da ya ga dama. Daga ƙarfe 6 na yamma ne doka ke fara aiki a yawancin wuraren jirgin. A tafiyar kwana 7 irin taku yawanci dare biyu ne na gala, inda suke neman namiji ya sa baƙar kwat ɗin nan mai sheƙi a kwala da ake kira taksido, ko dai kwat mai duhu da naktaye, mace kuma doguwar rigar yamma ko wata shigar alfarma. Sauran dararen biyar abin da suke so shi ne shiga ta kamala: ban da gajeren wando, ban da yagaggen jins, ban da singileti da kayan motsa jiki.

Inda ta kuskure shi ne da ta ɗauka dokar tana nufin sai kayan Turawa. Abin da doka ke aunawa darajar shiga ne. Su kansu Turawan Ingila, a katin gayyatar manyan liyafofinsu, sun saba rubuta cewa a zo da baƙar kwat ko da tufafin gargajiya na ƙasar mutum. Shi ya sa a irin wannan dare za ki ga dattijon Sikotland ya shigo da ɗan zanensa mai gidan dara iya gwiwa, ƙwauri a waje, yana taku ɗai-ɗai, a ja masa kujera da girmamawa. Za ki ga matan Indiya da sari. In ɗan zanen Basikote ya wuce ƙofa, ban ga abin da zai tare aska takwas ba. Ki tuna wa Alhaji, ko da yake ya fi ni sani, cewa garin nan da za ku sauka, New York, a can Sir Abubakar Tafawa Balewa ya tsaya gaban Majalisar Ɗinkin Duniya a Oktoban 1960 da babbar rigarsa da hularsa. Shehu Shagari ma da ya kai ziyarar aiki wajen Sarauniyar Ingila a 1981 bai ari kwat ɗin kowa ba. Ita taksido ɗin da ake ta zuzutawa, asalinta rigar sassauci ce da masu kuɗin ƙarni na 19 suka ɓullo da ita don hutawa da doguwar kwat mai jela, kuma sunan daga wata unguwar attajirai ne, Tuxedo Park, a jihar New York.

Amma kada magana ta tsaya a bakina. Ga abin da zai kashe gardamar nan a rana ɗaya: ki sa 'yar taki, tunda ita ta yanki tikitin, ta rubuta wa kamfanin ta ce iyayenta za su sa cikakkun tufafin gargajiya na Nijeriya a daren gala, har da hula da ɗaurin kai, ta haɗa da hoto ɗaya. Amsar da suka ba ta a buga ta a takarda ki sa a jakar hannunki. Da wuya ki bukaci fito da ita, amma yarinya za ta samu natsuwa, Alhaji kuma ya ga ba a murɗe masa wuya ba.

To, samun izini daban, iya shiga daban. A nan ne zan ɗan ja kunnen Alhaji, da girmamawa. In an ce tufafin gargajiya, ba ana nufin jallabiyar da yake zama da ita a ƙofar gida bayan la'asar ba. Ku ɗauki ma'auni daga gida: daren gala kamar ranar Sallah ne, ko ranar da kuka aurar da wannan 'yar. Sauran dararen kamar Juma'a ne, ko zuwa gaida surukai. In kun riƙe wannan, kun gama fahimtar dokar fiye da rabin Turawan da ke jirgin.

Don haka Alhaji ya ware babbar riga biyu, cikakku, da 'yar ciki da wando da hular da ta hau. Shadda mai nauyi, gezna in da hali, wadda ta sha bugu. Kowane daren gala suna ba shi jigo, kuma ana sanar da fasinja tun kafin tafiya, sai 'yarki ta duba muku. Cikin waɗanda suka saba yi akwai daren baƙi da fari, da na ja da ruwan gwal. In baƙi da fari ya faɗo muku, kakarku ta yanke saƙa: farar shadda da baƙin aiki, ko baƙar hula a kan farar riga, shi ke nan. Akwai kuma daren da ake rufe ido da wani ɗan ƙyalle kamar 'yan tashe. Bin jigon ba tilas ba ne, kada ma ki tayar wa Alhaji da wannan zance.

A sauran dararen kaftani mai kyan ɗinki da hula ya wadatar. Uku sun isa, a maimaita. Jirgin nan yana ɗaukar fasinja wajen 2,700, ba mai ƙirga muku kaya. Ba bikin gidan dangi ba ne, inda wata za ta ce ai wannan leshin ta sa a sunan wance.

Inda mazanmu ke faɗuwa shi ne ƙafa. Mutum ya sha rigar dubban ɗaruruwa, ki duba ƙasa ki ga silifa da faso. Mai tsaron ƙofar ɗakin abinci ba zai gane kube daga zanna bukar ba, amma ya san buɗaɗɗen takalmi in ya gani. Baƙin sau-ciki gogagge da safa, ba wani zaɓi. Ita kuwa hula ta zauna a kansa. Al'adar Turawa ce namiji ya cire malafa in ya shiga ɗaki, amma hular da take cikin shigar gargajiya ko ta addini ba ta cikin wannan lissafi.

Sai hannun riga. Teburin Turawa cike yake da tarkace: kofunan gilashi masu dogon wuya biyu ko uku a gaban kowa, cokula jere dama da hagu, ga kwanon miya a buɗe. Na taɓa zama kusa da wani dattijo a wata liyafa, ya miƙa hannu zai ɗauki burodi, hannun rigarsa ya zamo daga kafaɗa ya share kofi biyu, ya sauka a miya. Farar shadda ce kuwa. Kafin Alhaji ya zauna ya naɗe hannayen rigar sosai a kafaɗa, ya tattaro bayanta kada ƙafar kujera ta take, kuma abin da ya yi masa nisa ya bari ma'aikaci ya miƙo masa, aikinsu ne. In kuna so ku sake, a nema muku tebur na mutum biyu tun yanzu. Ni dai da za ki bi ta tawa, da kun zauna a na mutum shida, don rigar nan da kanta za ta buɗe muku hira, za ku gaji da amsa tambayar wa ya yi wannan aiki, da hannu ne ko da keke.

In kuma, ikon Allah, Alhaji ya sauko ya ce zai faranta wa 'yarsa da kwat dare ɗaya, to a ɗinka ko a saya daidai jikinsa tun a gida, mai duhu, ba sai taksido ba. Kayan aro ba ya rufe katara, kuma dattijon da aka cusa a kwat ɗin da ta matse shi a hammata ba ya jin daɗin abinci. A kuma duba abu ɗaya da 'yarki ba lalle ta tuna ba: sheƙin kwalar taksido da ɗan naktayen nan mai kama da malam-buɗe-littafi, a masu tsada siliki ne zalla. Kin san hukuncin alhariri ga maza, sai ɗan abin da bai wuce faɗin yatsu huɗu ba. Da yawa na kasuwa roba ce mai kama da siliki, takardar da ke cikin rigar za ta nuna.

Yanzu ke, Hajiya. Naki ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, har na yi mamakin da yarinya ta wahalar da kanta tana turo miki hotunan rigunan da ba hannu. Ba inda aka rubuta sai mace ta nuna kafaɗa. Abin da ake nema doguwar shiga mai kyau, mu kuwa a nan muka fi kauri. Leshi mai nauyi ɗinkin doguwar riga, ko bubu na shadda mai aiki a wuya, ko abaya mai duwatsu irin ta fita biki, kowanne ya wuce abin da suke tsammani. Tsofaffin Turawa da yawa ma da dogon hannu da mayafin kafaɗa suke zuwa, don sanyin na'ura a ɗakin abincin ba ya raga wa kowa. Mayafinki ya zama mahaɗin kayan, kada ya zama hijabin da kike sallar asuba da shi. Sauran darare atamfa riga da siket ko riga da zane da gyale mai kyau. In zane ne, a sa masa igiya ko a mayar da shi siket, za ki ji dalili nan gaba.

Gwal kaɗan: sarƙa ɗaya da ɗan kunnenta, awarwaro biyu. Akwai ƙaramin akwatin ƙarfe mai lamba a ɗaki, amma hanyar filayen jirgin sama uku ko huɗu da za ki bi kafin ki dawo Zariya ita ce abin ji. Ƙunshi kuwa ki yi abinki kwana biyu kafin tashi, ja da baƙi. Za ki ga matan teburinku suna kama hannunki suna juyawa.

Dalilin igiyar zane shi ne ƙasan da za ki taka ba ta tsaye wuri ɗaya. Queen Mary 2 tsawonsa mita 345, an ƙera shi a Faransa musamman don wannan teku, ya fara aiki a 2004, yana da fukafukai a ƙarƙashin ruwa masu rage tangaɗi. Duk da haka Atalantika ta arewa a Oktoba ba kogin Kubanni ba ce. Babban ɗakin abincin, Britannia, hawa biyu ne, da wata matattakala mai lanƙwasa da mata ke son saukowa ta kanta ana kallonsu. Hannu ɗaya na riƙe da ƙarfen bene, ɗaya na riƙe da jaka, to wane hannu zai kama zane in ya kwance? Saboda haka ma rigar kada ta ja ƙasa, a tsaya da ita a idon sawu, takalmi kuma mai faɗin dunduniya, ban da mai tsini.

Goggoro: ɗauri matsakaici. Bayan abinci akwai wasa a babban zauren kallo, in kika kafa ashoke mai hawa uku, na bayanki kuɗinsa ya tafi a banza. Kuma ki tanadi allurai ki kafe ɗankwali da mayafi. A wani jirgin na taɓa tura ƙofa na leƙa waje bayan abinci don in sha iska, ban ankara ba iska ta fizge gyalena, sabo fil, ina kallo ya tashi kamar shirwa ya faɗa ruwa. Da tawul ɗin tebur na rufe kai na koma ɗaki.

Akwai abu biyu da na san hannunki zai kai kansu in kina haɗa kaya, ki mayar da su. Na farko dutsen guga, na biyu kaskon turaren wuta, na garwashi ne ko na lantarki. Ba abin da masu jirgin ruwa ke tsoro kamar gobara. Ana duba akwatuna da na'ura kafin a shigar, za a cire su, kuma kowane ɗaki da na'urar jin hayaƙi a silin. Ki turara kayanku tun a gida, ki ninke su da ƙamshinsu a leda, ki tafi da humra da turaren fesawa. Humrar ma a yi hannu da ita, don wuri ne rufaffe kuma mutane na cin abinci. Guga kuwa akwai ɗakunan wanki na fasinja da injin wanki da dutsen guga a ciki. Sai dai shaddar Alhaji kada a ba masu wankin jirgi, ba su san bugu ba, za su dawo masa da ita ta mutu murus kamar zanen gado. A kai wa masu bugu a gida, a ninke, a shimfiɗa a ƙasan akwati. Layin ninkin nan da ke fitowa a jikin babbar riga ai ado ne a wurinmu, ba sai an goge shi ba. Ku dai lura da nauyi, babbar riga biyu da leshi biyu sun ci kusan rabin kilo 23 ɗin da jirgin sama ke yarda da shi a akwati guda.

Ranar da jiri ya kama ki, ko Alhaji ya ce yau shi ba ya jin kwalliya, ba yunwa za ku kwana da ita ba. Akwai wurin ɗibi-da-kanka a hawa na 7, Kings Court, inda ake shiga da kayan yau da kullum ko a daren gala, ana kuma kawo abinci ɗaki. Maganar abin da kuke ci da wanda ba ku ci, ita ma 'yarki ta sanar da su a wasiƙar nan tun da wuri. Kifi da ganye ba sa yankewa a jerin abincinsu. Mai zuba giya in ya zo, kalma ɗaya ta ishe shi, zai kwashe kofin ya bar muku na ruwa. Ana zaman abinci kashi biyu, na wajen ƙarfe 6 da na wajen 8 da rabi. Ku zaɓi na biyu, kun yi magariba da isha a natse da alwalarku kafin ki ɗaura ɗankwali. Agogo ma zai taimake ku, don masu tafiya yamma ana mayar musu da shi baya da awa ɗaya a darare biyar, kafin ku isa kun ci ribar awa 5.

Saura babbar maganar, wadda ba ta tufafi ba ce. Hajiya, yarinyar nan ba kunyarku take ji ba, ko da bakinta ya furta haka. Shekara nawa tana zaune cikin mutanen da ke kallonta kafin ta buɗe baki? Wanda ya zauna a haka yakan koyi ɓoye kansa, ya sa abin da kowa ya sa don a bar shi ya wuce. Tsoronta kada a tare Babanta a ƙofa gaban jama'a, a tafiyar da ta tara kuɗinta da aikin dare a asibiti. Shi kuma Alhaji abin da ya shiga kunnensa shi ne 'yar da ya haifa ta ce rigarsa abin kunya ce. Kowannensu mutuncin Alhajin yake karewa, suka ɓige da gaba. Kada ki kai wa ɗaya maganar ɗaya yadda aka faɗe ta. Ki kira ta ke kaɗai, ki ce kalmar kunya ta yi wa Babanta nauyi, ta nemi afuwarsa, wannan ba ya jiran amsar kamfani. Shi kuma ki same shi bayan ya ci ya ƙoshi, ki ce yarinya tsoro ne ya sa ta, kuma ai ita ce ta ce a rubuta wa masu jirgin don a tabbatar ba wanda zai taɓa masa riga. In kin ɗan ba ta ladan shawarar da ba tata ba, ban ga laifi ba.

Tunda kuma hannunta na ƙaiƙayin saya wa Babanta kaya, ki nuna mata inda kuɗin zai yi amfani. Ta bar taksido, ta sayo masa doguwar rigar sanyi mai kauri wadda za ta hau kan kaftani, da rigar ciki da dogon wandon ciki masu ɗumi, da safar hannu. Ke ma haka, da mayafin ulu. Wannan kwat ɗin Alhaji ba zai ƙi ta ba, da kansa zai neme ta a rana ta biyu in ya fita zagaya jirgi.

Ranar shiga, ki riƙe kaya saiti ɗaya na kowannenku a jakar hannu, don akwatuna kan yi jinkirin isowa ɗaki. A daren ƙarshe kuma za a ce ku fito da akwatunanku ƙofar ɗaki kafin ku kwanta, ba za ku sake ganinsu ba sai a tashar Brooklyn. Kafin ki ja zif, ki ware kayan da za ku sa da safe, har takalmi da hular Alhaji da rigunan sanyin nan. Da asuba jirgin ke shigewa ƙarƙashin gadar Verrazzano ya doshi gari, kowa na fitowa waje kallo, kuma sanyin lokacin yana shiga ƙashi.